Yadda ake yi wa Word shifta da baki, da juya hirar da aka naɗa zuwa rubutu

Kafin ka taɓa kowane maɓalli, fara tantance harshen da za a yi maganar da shi, domin shi zai nuna maka hanyar da za ka bi. Word yana jin Turanci da Larabci da Faransanci da wasu harsuna da dama, amma zuwa yanzu Hausa ba ta cikin jerinsa. Ɗalibin da ya dawo daga Giwa ko Soba da hirar manoma cike da waya, in ya loda ta a Word yana jiran rubutu, abin da zai fito masa tarkacen kalmomin Turanci ne marasa kan gado, saboda injin yana lalubo kalmar Turancin da ta fi kusa da sautin da ya ji. Hausa tana da tata hanyar ta wayar hannu, kuma za mu zo kanta.

Kayan aiki biyu ne a cikin Word, mutane kuwa suna yawan rikita su. Na farko sunansa Dictate: kana magana yana rubutawa nan take, wato shifta. Na biyu sunansa Transcribe: ka ba shi maganar da aka riga aka naɗa, ya saurara, ya fito da ita a rubuce, ya raba wanda ya faɗi kaza da wanda ya faɗi kaza, da lokacin da kowa ya yi magana. Na farko na mai rubuta wasiƙa ne ko babin furojet daga kansa. Na biyu na mai hira ne, ko sakataren da ya ɗauki zaman taro.

Abin da za ka tanada

Dukkansu biyu ba sa aiki sai da intanet. Muryarka ba a cikin kwamfutarka ake sarrafa ta ba, tura ta ake yi zuwa na'urorin Microsoft, su dawo da rubutu. Shi ya sa idan sabis yana rawa za ka ga rubutun yana zuwa a makare, ko ya tsallake rabin jimla.

Sai irin Word ɗin da ke hannunka. Yawancin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu na Samaru da Kongo a Zariya tsohon Office ne a kansu, na 2016 ko 2019 ko ma wanda ya girme su, kuma waɗannan ba su da maɓallin Dictate. Kada ka ɓata lokaci kana nemansa. Yana zuwa ne da Microsoft 365, wanda ake biyan kuɗinsa wata-wata ko shekara-shekara. Mafita mafi sauƙi ita ce ka buɗe Chrome ko Edge, ka shiga Word na intanet da asusun Microsoft, wanda buɗe shi kyauta ne. A can za ka samu Dictate. Shi Transcribe sai mai asusun da aka biya wa kuɗi. Idan makarantarka ko ofishinka sun ba ka adireshin imel na Microsoft 365, fara gwada shi kafin ka cire ko kwabo.

Na uku makirufo ne. Wanda ke jikin laftof yana kwasar komai: ƙarar fanka, kukan janareta, mashin da ya wuce, har da hucin ita kanta kwamfutar. Iyafis mai waya irin na kiran waya ya fi shi nesa ba kusa ba, don kawai yana kusa da baki. Bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin bakinka da shi, kuma ka ɗan karkatar da shi gefe don kada iskar numfashi ta riƙa bugunsa. Kashe fanka ko ka juya ta ga barin fuskarka, ko da ana zafin watan Afrilu. Wanda ɗakinsa ke bakin titi, kamar masu zama kusa da Kwangila inda manyan motoci ba sa yankewa, ya rufe taga ya zaɓi bayan asuba ko bayan isha'i.

Shifta da Turanci

Buɗe takarda, ka ajiye alamar rubutu a inda kake so maganar ta fara. A shafin Home, can ɓangaren dama, za ka ga hoton makirufo an rubuta Dictate a ƙasansa. Danna shi. A karon farko burauza za ta nemi izinin amfani da makirufo, sai ka amince. Idan ka taɓa hana ta a baya, danna ɗan hoton da ke gefen hagu na adireshin shafin, ka mayar da makirufo kan Allow, ka sake loda shafin. Idan duk da haka shiru, matsalar daga Windows take: shiga Settings, ka nemi Privacy, sannan Microphone, ka tabbatar an bar manhajoji su yi amfani da shi.

Wani ɗan akwati zai bayyana da hoton makirufo da alamar saiti. Shiga saitin tukuna. Nan za ka zaɓi harshen magana, kuma ga mai Turancin Najeriya, na Ingila ya fi na Amurka dacewa, ko don tsarin rubutun kalmomi da makarantunmu ke bi. Nan ne kuma za ka zaɓi makirufon da kake so, domin sau da yawa mutum yana sanye da iyafis amma kwamfutar tana saurare ta na jikinta. Akwai wurin kunna sa aya da waƙafi da kansa. Shawararmu ka bar shi a kashe da farko: duk inda ka tsaya tunani sai ya buga aya, ka wayi gari da jimla ɗaya an datsa ta gida uku. Akwai kuma matatar kalmomin batsa, wadda ke rufe wasu kalmomi da taurari. Ɗaliban likitanci da na jinya a Shika su kashe ta, don kada ta rufe musu sunan wata gaɓar jiki.

Jira sai makirufon ya nuna yana saurare, sannan ka fara. Wanda ya fara magana da dannawa yakan rasa kalmomi biyun farko.

Yadda za ka yi maganar ya fi komai tasiri. Kada ka riƙa jefa kalma ɗaya-ɗaya kana tsammanin kana taimaka masa. Injin yana gane kalma ne ta hanyar maƙwabtanta, saboda haka cikakkiyar jimla da aka faɗa a natse ta fi fita daidai. Shirya jimlar a ranka, ka faɗe ta gaba ɗaya da muryar hira, ba ihu ba raɗa, sannan ka tsaya. Alamomin rubutu kuma da baki ake kiransu, da Turanci: ka ce full stop ya sa aya, comma ya sa waƙafi, question mark ya sa alamar tambaya, new line ya sauka sabon layi, new paragraph ya buɗe sabon sakin layi. Idan ka yi tuntuɓen harshe ka ce delete that ya goge abin da ka faɗa na ƙarshe. Ka ce bold that ya kaurara shi. In ka gama, sake danna makirufon. Kada ka manta da wannan, domin in wani ya shigo kuka gaisa, gaisuwar ma za ta shiga babi na biyu.

A bar gyara sai an kai ƙarshen sakin layi ko shafi. Mai tsayawa gyaran kowace kalma ya fi mai bugawa da hannu jinkiri. Sunayen gida kuwa, irin su Zazzau, Tukur-Tukur, Gyallesu, Basawa, ko sunan sufabaizanka, kusan kullum a karkace za su fito. Dabarar ita ce ka zaɓi wata kalmar Turanci mai sauƙi da ba za ta zo a rubutunka ba, ka riƙa faɗinta a madadin sunan, in ka gama ka danna Ctrl da H ka musanya ta gaba ɗaya a lokaci guda.

Wanda ke da tsohon Word kuma ba ya son shiga burauza yana da wata ƙofa. A Windows 10 da 11, danna maɓallin Windows tare da H, shiftar Windows za ta buɗe, kuma tana rubutu a duk inda alamar rubutu take. A Google Docs kuma ana samun irinta a ƙarƙashin Tools, ko a danna Ctrl da Shift da S a cikin Chrome.

Juya hirar da aka naɗa

Rabin aikin nan a wurin ɗaukar murya ake yin sa. Sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse naɗin. Ajiye ta tsakaninka da mai maganar, ta fi kusa da shi, a kan hankici ko littafi, domin in tana kan tebur tsirara duk wanda ya ƙwanƙwasa ko ya ajiye kofi sai ƙarar ta danne magana. Lokacin hunturu a shiga zaure ko a juya wa iska baya. Naɗi rabin minti ka saurara kafin a shiga hirar sosai. Idan taro ne, shugaba ya roƙi mutane su riƙa magana ɗaya bayan ɗaya. Inda murya biyu suka hau kan juna, injin yakan ɗauki ɗaya ya zubar da ɗaya, ko ya cakuɗa su. Sannan ka nemi izinin mutum kafin ka naɗe shi, ka kuma gaya masa cewa muryar za ta hau intanet. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma ko babu doka, maganar mara lafiya ko ta sulhun iyali ba abin lodawa ba ce ba tare da sanin mai ita ba.

Word yana karɓar fayil iri huɗu: mp3, wav, m4a da mp4. Manhajar ɗaukar murya ta yawancin wayoyi m4a ko mp3 take bayarwa, babu matsala. Inda ake cin karo shi ne saƙon murya na WhatsApp, wanda ke zuwa a tsarin opus, da naɗin wasu ƙananan wayoyi da ke zuwa a amr. Waɗannan sai an canza su. Buɗe manhajar kunna sauti da bidiyo ta VLC a kwamfuta, ka shiga Media, ka zaɓi Convert / Save, ka ɗora fayil ɗin, ka zaɓi Audio - MP3, ka ba shi suna. Canza harafin ƙarshen sunan fayil da hannu ba ya canza abin da ke cikinsa, kada ka gwada. Ka kuma lura da nauyi saboda data: mp3 na yau da kullum yana cin kusan megabait 1 a minti, wav mai inganci kuwa kusan 10. Hirar awa guda ke nan tana iya zama megabait 60 ko ta haura 600.

Yanzu danna ɗan kibiyar da ke jikin Dictate, ka zaɓi Transcribe. Fili zai buɗe a dama. Zaɓi harshe kafin komai. In jerin ya nuna maka Turancin Najeriya ɗauke shi, in ba haka ba na Ingila. Danna Upload audio, ka nuna masa fayil ɗin. Bar filin a buɗe har ya gama, kada ka rufe shafin, kuma ka tabbatar laftof ɗin na da caji ko da za a ɗauke wuta. Ɗaya zaɓin, Start recording, na naɗa kai tsaye ne a cikin Word, in an gama a danna Save and transcribe now. A wurinmu ya fi aminci a naɗa a waya a loda daga baya, don in sabis ya yanke kana da asalin muryar a hannu.

Asusu na yau da kullum minti 300 yake da shi a wata na murya da aka loda, awa biyar ke nan, ko hira shida masu minti 50. Kowace lodawa tana ci daga ciki. Saboda haka yanke abin da ba ka buƙata da Audacity, wadda kyauta ce: doguwar gaisuwa, jiran a kawo ruwa, tsayawar da aka yi don salla. Fara gwaji da guntun minti biyu ka ga ko harshen da ka zaɓa ya dace, kafin ka zuba awa guda.

In ya gama za ka ga maganar a gutsure, kowane gutsure da lokacinsa da lakabin Speaker 1, Speaker 2. Danna lokacin, muryar za ta fara daga daidai wurin. Kai linzami kan gutsuren, hoton fensir zai fito, ka danna ka gyara rubutun ko ka sa sunan mai maganar; akwai ɗan akwatin da in ka yi masa alama zai canza lakabin a ko'ina. Duba da kyau kafin ka yi hakan, domin yakan raba mutum ɗaya gida biyu idan ya matsa daga wayar, ko ya haɗa mutum biyu masu murya iri ɗaya. Ana iya rage gudun muryar ko a ƙara. Alamar tarawa da ke jikin gutsure tana jefa shi kaɗai cikin takarda, wanda ya dace da mai neman 'yan maganganun da zai kafa hujja da su. Add to document da ke ƙasa kuwa yana zuba duka, ka zaɓi rubutu zalla, ko da sunaye, ko da lokuta, ko da duka biyun. Mai bincike ya ɗauki na ƙarshen, zai gode wa kansa ranar da aka ce ya nuna inda aka faɗi magana.

Takarda ɗaya hira ɗaya take riƙewa a wannan fili. Idan ka danna New transcription, ta farko za ta tafi, sai abin da ka riga ka zuba a takardar. Buɗe wa kowace hira takardarta. Muryoyin kuma suna taruwa a OneDrive ɗinka, wato ma'ajiyar Microsoft ta intanet, cikin jakar Transcribed Files. In aiki ya ƙare ka share na sirri daga can.

Wajen tacewa, kunnenka ya fi tsayawa kan lambobi da korewa. Turancin 15 da 50, ko 13 da 30, sautinsu na kusa, haka can da can't. Kuskuren da ya fi haɗari shi ne wanda jimlarsa ta fito sumul, ba jan layi, amma ta juya maganar mutum.

In maganar Hausa ce

A watan Oktoba na 2024 Google ya sanar da ƙara harsunan Afirka 15 a cikin masu jin murya na manhajojinsa, ciki har da Hausa da Yarabanci da Ibo, kuma allon rubutu na Gboard na cikin wuraren da abin ya shafa. Tunda Gboard yana rubutu a duk manhajar da ka buɗe, zai yi maka a cikin Word na waya.

A wayar Android, sauke Gboard daga Play Store ko ka sabunta wanda ke kai, ka mai da shi allon da wayar ke amfani da shi. Wayoyi da yawa da wani allon suke zuwa, shi ya sa wasu ke neman Hausar su rasa. Shiga saitinsa, Languages, Add keyboard, ka nemo Hausa ta Najeriya. Koma baya ka tabbatar Voice typing a kunne yake. Buɗe takarda a Word, ka danne dogon maɓallin tazara har jerin harsuna ya fito, ka zaɓi Hausa. To a nan a kula: makirufo biyu za ka iya gani. Ɗaya na Word ne, wanda ba ya jin Hausa. Ɗaya yana saman allon Gboard ta dama, shi ne naka. Danna shi ka yi magana. In ka yi shiru na ɗan lokaci yakan kashe kansa, sai ka sake dannawa. Aya da waƙafi ka sa su da yatsa a ƙarshen kowace jimla. Ya fi kamawa idan ka yi daidaitacciyar Hausa irin ta labaran rediyo, kuma yakan yi tuntuɓe a inda aka surka Hausa da Turanci a jimla ɗaya, abin da 'yan jami'a ba sa rabuwa da shi.

Hirar Hausa da aka naɗa fa? Kada ka kunna ta a lasifika ka kanga wa wata wayar. Sautin da ya bi ta lasifika ya bi ta iska ya riga ya lalace. Abin da ke aiki shi ne maimaitawa. Sa iyafis a na'urar da ke ɗauke da hirar, ka saurari jimla ɗaya ko biyu, ka tsayar, ka maimaita su da bakinka a fili cikin Gboard na ɗaya wayar. Injin yana jin murya ɗaya tsaftatacciya a kusa, kai kuma kunnenka ya riga ya warware abin da tsoho ya faɗa cikin hayaniyar kasuwa. Rage gudun muryar a VLC yana taimakawa. Sharaɗin shi ne amana: faɗi abin da mutumin ya faɗa, ba abin da ya kamata ya faɗa ba. Idan Bazazzagi ya yi amfani da karin harshensa, ko Basakkwace ya yi nasa, injin zai so ya ja kalmar zuwa wadda ya fi sani, kai za ka mayar da ita da hannu, musamman in aikin na nazarin harshe ne. Bugun hirar awa guda da hannu yakan ci awa huɗu ko fiye. Maimaitawa tana rage wannan ga wanda hannunsa ba shi da sauri, amma ba ta ɗauke sauraro na biyu.

Gyaran Hausar a kwamfuta

Duba haruffa masu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, domin kasa da ƙasa, ko baki da baƙi, ba abu ɗaya ba ne, kuma babu jan layin da zai gargaɗe ka. A waya suna kan allon Hausa na Gboard. A Word na kwamfuta rubuta 0253 ka danna Alt da X ya zama ɓ. 0257 ya ba da ɗ. 0199 ya ba da ƙ. Manyansu su ne 0181 da 018A da 0198. Idan harafin da ya zo kafin lambar a ne, ko b, c, d, e, f, Word zai haɗa shi cikin lissafin ya fito da wani abu dabam, don haka zaɓi lambobin huɗu da linzami kafin ka danna. Da Ctrl da H za ka iya gyara kalmomin da ba su da tagwaye, kamar karshe zuwa ƙarshe, ko daya zuwa ɗaya, a bugu guda. Masu tagwaye kuwa bi su da Find Next, kana karanta jimlar kafin ka canza.

Sai rabon kalmomi: kalmomin yana, suna, muke a haɗe suke, ba ya na ko su na ba. Sai kalmar ba ta biyu a jimlar korewa, wadda takan faɗi idan mai magana ya haɗiye ta. Don Word ya daina ja wa Hausarka jan layi, danna Ctrl da A, ka shiga Review, Language, Set Proofing Language, ka yi alama a akwatin da ke hana duba rubutu.

In za ka kai bugu shago, adana kwafi a PDF daga kwamfutarka. Tsohuwar kwamfuta mai tsofaffin samfurin haruffa takan mai da ƙ da ɗ da ɓ ƙananan akwatuna ko ta sauya musu siffa, PDF kuwa yana tafiya da haruffansa. Sa a buga shafi ɗaya ka duba kafin a saki sauran.